Koren Tayil na Farfesa Sale

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a shagon mamak, wato mai shayi na Indiyawa Musulmi, kusa da tashar jirgin ƙasa a unguwar Bukit Jalil ta Kuala Lumpur, ina jiran shayi, sai wasu samari uku Hausawa 'yan gida suka zagaye teburina. Ɗalibai ne, irin waɗanda iyaye ke turo wa na kashewa duk wata, fata luwai-luwai. Wai sun ji akwai Bahaushe mai sa tayil a garin nan, suna so in ɗauke su aikin hutu. Babban cikinsu ya ce, "Baba, ai mun kalli yadda ake yi a waya. Just ka shafa siminti ka manna, ko? Simple lah." Na ce ya miƙo min tafin hannunsa in gani. Ya miƙo, na taɓa, taushi kamar na jariri. Na shanye shayina na tashi. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ko ɗayansu zai daure ya karanta har ƙarshe, ko da yake ban sa rai ba.

Sunana Habu, mutumin Gwarzo, amma a unguwar Cheras sai ka ce Abu mai tayil za a gane wanda kake nufi. Karatu ne ya kawo ni Kuala Lumpur, kamar yadda ya kawo ku samarin nan. Kawuna ne ya ɗauki nauyina, ina tsakiyar digiri na biyu Allah ya yi masa rasuwa, karatun ya bi shi. Komawa gida hannu rabbana ta yi min nauyi. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi dakon yadi a kasuwar Jalan Masjid India, daga baya na auri 'yar ƙasa, takarduna suka daidaita. Wani maƙwabcin surukina ne ya kai ni wurin wani tsoho ɗan Caina mai shagon tayil, wanda kowa ke kira Uncle Chong. Shi ne ubangidana, kuma duk abin da na iya a hannunsa na koya.

Shekarata ta farko ban taɓa cokalin siminti ba. Dako nake yi. In ɗauki kwalin tayil in hau bene, in sauko in ɗauki wani, kuma a benayen Cheras na wancan lokacin lif ba ya lalacewa sai ranar da muka zo aiki. In na gama dako in jiƙa tayil a durom, in tankaɗe yashi, in wanke bokitai. Ni da na rubuta jarrabawa da Turanci, ga ni ana daka min tsawa da yaren Malay saboda na bar soso da datti. Na sha yin niyyar tafiya, amma ina zan je?

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai banɗaki ne, na wata tsohuwa mai sayar da kayan miya. Na gama, na goge, na tsaya ina jiran yabo. Uncle Chong ya shigo, bai ko kalli layin da na sha wahala ina miƙarwa ba. Ya cika bokiti da ruwa ya sheƙa a ƙasa, ya tsuguna ya kunna sigari yana kallo. Ruwan ya gangara ramin fita, sai ɗan kaɗan da bai fi tafin hannu ba ya kwanta a lungu bayan ƙofa. Ya nuna min da bakin sigarin.

Ya ce, "Tak boleh, Abu. Ba zai yiwu ba. Fasa."

Na ce, "Uncle, ai soso ɗaya zai ɗauke shi."

Ya ce, "Tsohuwar nan za ta taka wurin nan kullum. Ranar da gansakuka ta fito ta zame ta karya ƙugu, sosonka ne zai ɗauke ta?"

Na fasa, ina fasawa ina tsine masa a zuci da Hausa. A ranar na fara gane cewa a ƙasar nan ilimin mai tayil gaba ɗaya ilimin ruwa ne. Ruwan sama ba ya hutawa, bango na zufa, ƙasa na zufa. Ina ruwa zai bi, ina zai kwanta, ta ina zai shiga bayan tayil ya ruɓar da gini, a kan wannan muke kwana muke tashi.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina mu. Cokali mai haƙora na shimfiɗa siminti, gudumar roba, lebul mai ƙwayar ruwa a tsakiya, zare, soso, da injin yanka wanda ƙurarsa ke zama a ƙirji. Sai kunne. Ka ƙwanƙwasa tayil da ƙashin yatsa, in ya amsa da ƙarar fanko, to akwai iska a ƙarƙashinsa, kuma ko ba jima ko ba daɗe zai fashe. Wannan ba a ganinsa a waya. Sai kuma gwiwa, wadda ta fi kowane kayan aiki saurin ƙarewa, kuma babu kedai, wato shago, da ake sayar da ita. Ni yau a kan kujera nake sallah, ban kuma kai shekarun da ya kamata a ce haka ba.

Amma liƙawar ma ba ita ce wahalar ba. Zaɓi ne wahalar. Mai gida zai shiga shago, fitila ta haske masa tayil, ya ce wannan ya yi, a kai gida a liƙa, gari ya waye ya ce ba shi ya zaɓa ba. Shi ne kuwa, hasken ne ya canza. Saboda haka Uncle Chong yana da doka. Ba ya yarda a zaɓi tayil a shagonsa. Za mu ɗauki samfuri mu kai gidan, mu jingina shi a bangon da za a liƙa, mu tafi mu bar shi. Mai gida ya gan shi da safe, ya gan shi da rana, ya gan shi lokacin da hadari ya haɗo. Sannan sai shi da bakinsa ya ce, "Wannan." Ba matarsa ba, ba ɗansa ba, ba mu ba. Domin tayil in ya kama bango ba ya dawowa lafiya, sai dai a farfashe. Masu gaggawa da yawa sun gudu sun bar mu saboda dokar nan, bai taɓa sassautawa ba.

Shekarar korona ita ta karya mu. An rufe gari, babu mai barin baƙo ya shigar masa gida. Yaranmu 'yan Indonesiya suka watse, Uncle Chong ya sayar da motar ɗaukar kaya. Da aka buɗe gari sai muka tarar duniya ta yi gaba ta bar mu. An fito da wani abu na leda mai zanen tayil, ka ɓare bayansa ka manna da kanka. Kamfanoni kuma suna kawo manyan faifai da inji ya zana, mutum biyu su rufe falo kafin azahar. 'Ya'yan Uncle Chong duk ma'aikatan ofis ne, ba wanda ke son shagon. Muka koma mu biyu, tsoho da mai ciwon gwiwa, muna zaune muna kallon titi. Na yi baƙin ciki a shekarar nan irin wanda ban yi ba ko lokacin da karatuna ya lalace.

A cikin wannan zaman ne wata mata ta kira ni. Ta yi sallama da Hausa tsantsa, har na ɗaga wayar na sake duba lambar.

Ta ce, "Malam Habu ne? An ce min kai ɗan gida ne. Sunana Hajiya Rabi. Aiki ne ƙarami, amma ina so ka zo yau in da hali."

Gidan na can cikin Cheras, wajen tudu, gida ne mai tsakar gida da bishiyar mangwaro. Na shiga falo na tarar an kashe na'urar sanyi, an rufe tagogi, zafi kamar gidan burodi. A tsakiyar zafin nan ga wani dattijo a keken marasa lafiya, da rigar sanyi, da hula har kunne, da bargo a ƙafa. Shi ne mijinta, Farfesa Sale, mutumin Jos, ya daɗe yana koyarwa a wata jami'a a nan har ya yi ritaya. Ciwon suga ya cinye masa ido ɗaya, ya rage ɗayan, ya kuma taɓa ƙoda har ana yi masa wanki a asibiti. A bangon da ke gabansa an gina wani abu da ban taɓa gani a gidan kowa a garin nan ba: murhun jin ɗumi irin na Turawa, ramin wuta na jan bulo, da bututun hayaƙi da ya fasa rufi ya fita. Magini ya gama nasa, saura fuskar murhun, wato gefe da gefe da sama, tana nan siminti tsirara.

Na kasa riƙe bakina. Na ce, "Ranka ya daɗe, murhu a Kuala Lumpur?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kowa haka yake cewa. 'Yata ma cewa ta yi na haukace."

'Yar tasu, Nana, wadda a nan aka haife ta, tana tsaye tana fifita da mujalla. Ta ce, "I didn't say that, Abba. I said panas lah, zafi. Uncle, tell him."

Ya ce, "Rabu da ita, Malam Habu. Zauna ka ji."

Ya ba ni labari. Mahaifinsa kuku ne a gidan wani Baturen kuza a Bukuru. Shi kuma yana yaro, aikinsa ne ya shigo da itace, ya kwashe toka, ya goge tayil ɗin da ke kewaye da murhun da tsumma har ya yi ƙyalli. Shi ke hura wutar, amma da ta kama sai ya fita, ya koma ɗakinsu na 'yan aiki da ke can baya ya ci gaba da rawar ɗari. Bai taɓa zama a gabanta ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Na yi digirori, na yi gidaje, na manta da zancen. Sai da ciwon nan ya sa min sanyi a ƙashi na fara mafarkin murhun. Ina so in zauna a gaban nawa, in miƙe ƙafa, ba mai cewa in fita. Amma da koren tayil nake so, irin na can."

Na ce, "Wane irin kore, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Irin ruwan tafkin kuza in damina ta ɗauke."

Ni ban taɓa zuwa Jos ba, balle in san tafkin kuza. Na dai ce to.

Da Hajiya ta rako ni bakin ƙofa sai ta rage murya. Ta ce, "Malam Habu, likitoci sun ce zuciyar ma ta gaji, ba ta ɗaukar wankin kamar da. Ba su ce yaushe ba, amma ka gane. Don Allah ka hanzarta, ya samu ya ji ɗumin nan."

Na koma shago na kwashi duk wani kore da muke da shi. Na jingina su a fuskar murhun bisa doka, na tafi. Na dawo, a tura kekensa kusa, ya ɗauki kowanne ya kai dab da idon da ya rage, ya juya shi wajen taga. Wannan ya yi haske. Wannan kamar na banɗakin asibiti. Wannan kuwa koren tuta ne, me zai yi da shi? Na shiga shagunan abokan gaba da na abokan arziki, na hau jirgin ƙasa na cikin gari na sauka, na kawo masa na Sifen, na Italiya, na Caina, na nan gida. Kuma ba kowane kore zan kawo ba, domin ba kowane tayil ke jure wuta ba. Mai siririn jiki zai tsage, mai zanen inji zai ƙone ya yi baƙi. Wanda ya yi kusa da launin sai in tarar ba zai ɗauki zafi ba, wanda zai ɗauki zafi kuma sai ya ce, "Ba shi ba ne, Habu." Tun yana ce min Malam har ya daina. Duk zuwan da na yi sai na ga ya ƙara shigewa cikin bargon.

Rannan Hajiya ta tare ni a tsakar gida, idonta ya yi ja. Ta ce, "Bawan Allah, mutumin nan ba ya gani. Ka ɗauki na jiya ka liƙa, in ce masa an samo. Wa zai sani?"

Na ce, "Hajiya, shi zai sani. Da hannunsa ya goge abin nan shekara da shekaru. In na liƙa ya ce ba shi ba ne, sai an farfasa, mu koma baya."

Ta ce, "Kai da dokarku! Kana zaɓen launi, ni ina kallon mijina yana ƙarewa."

Na hau mota na koma shago jikina a sanyaye, na zauna na zayyana wa Uncle Chong komai. Yana jin na ambaci kuza sai ya ajiye kofinsa. Ya ce me ya sa ban faɗi haka tun farko ba? Ai garin nan ma kuza ce ta kafa shi. Turawan da suka je garin Farfesa irinsu ne suka zo nan, kuma duk inda suka je da tayil ɗin ƙasarsu suke zuwa. Ba a shago zan same shi ba, a gidan da aka rushe zan same shi.

Ya ɗauki sandarsa muka tafi wurin wani Ba'indiye da ke sayen tarkacen tsofaffin gine-gine, can bayan gari. Fili ne cike da ƙofofi da tagogi da baho, sauro kamar ya ɗauke mutum. Muka yi ta tono. A ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen buhu Uncle Chong ya zaro guda ɗaya, ya tofa masa yawu ya goge da gefen riga. Ƙarami ne, mai kauri, kore mai duhu, launin ya taru a gefe-gefe ya yi zurfi, tsakiyar kuma ta ɗan yi haske, ka ce ruwa ne ya daskare a kai. Muka tattara duk wanda bai karye ba. Da na auna a kaina sai na ga da ƙyar za su rufe fuskar murhun, babu rara ko ta kuskure.

Na kai masa guda. Ya karɓa, ya kai ido, ya juya wajen taga. Sai ya kama gefen bargonsa ya fara goge tayil ɗin, a hankali, yana zagayawa.

Ya ce, "Wannan."

Ku da kuka ce a shafa a manna, ku saurara. Tsohon tayil yana zuwa da tsohon siminti manne a bayansa, mai tauri kamar dutse. Ba a sa masa guduma. Jiƙa shi ake yi, a zauna da ɗan ƙarfe da dutsen wasa ana kankarewa, guda bayan guda, numfashi a riƙe, don in ɗaya ya karye babu wani a duniyar da na sani. Girmansu ma ba ɗaya ba ne, hannu ne ya yi su. Sai da na shimfiɗa su duka a ƙasa na yi ta sauya musu wuri, mai duhu kusa da mai haske, dogo kusa da gajere, har layin ya zauna. Uncle Chong, wanda ya taɓa gyara murhu a gidajen hutu na kan tudu yana saurayi, shi ya haɗa min simintin da ke jure wuta, ya kuma ce in bar 'yar tsaga tsakaninsu don zafi na sa tayil miƙa. Da na liƙa na ƙarshe na goge, na ja baya na duba, wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba. Uncle Chong ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙashin yatsa, ya gama bai ce komai ba. A wurinsa wannan shi ne yabo.

Sai dai ya ja ni gefe ya gargaɗe ni. Tayil ɗin sun sha ruwa, simintin ɗanye ne, ga damina ta sa iska kanta a jiƙe. Sai an ba shi makonni ya bushe har ciki. In aka hura wuta kafin nan, ruwan da ke baya zai zama tururi, ya rasa hanyar fita, ya fasa su. Na faɗa wa Hajiya a gaban Farfesa. Ya ce, "Na jira tun ina yaro, makonni ne za su gagare ni?" Muka kafa fanka a gaban murhun dare da rana. Kullum sai na biya na dafa bangon da bayan hannu, kullum sanyin danshi nake ji.

Ko rabin lokacin ba a yi ba Hajiya ta kira ni da hantsi. Ta ce an dawo da shi daga asibiti, sun ce ba za su ƙara yin wankin ba, jikin ba zai ɗauka ba. Ta ce in zo bayan la'asar. Ban tambaye ta me zan zo yi ba.

Na isa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta riga ta sa an sare reshen mangwaron da ya bushe, an faskara, an jibge a gefen murhun. Farfesa na kan kekensa, an ƙara masa bargo, ya rame har hular ta yi masa yawa. Na je na dafa tayil ɗin da bayan hannu. Danshi.

Na koma kusa da ita na ce a hankali, "Hajiya, bai bushe ba. In na kunna za su fashe. Kuma babu wasu."

Ta ce, "Na ji ranar da ka faɗa."

Na ce, "Ko kwana kaɗan ne a ƙara."

Ta dube ni, ta dubi mijinta. Ta ce, "Kai ke da kwanakin, Malam Habu? In kana da su ba ni."

Na tsuguna, gwiwoyina suna ƙara. Na jera ƙirare, na ɗora itace, na yi bisimilla na ƙyasta ashana. Bututun ya ja da kyau, maginin ya iya aikinsa. Wutar ta tashi, haskenta ya bi koren nan, ya shiga cikinsa yana rawa, falon gaba ɗaya ya canza. Nana ta toshe baki ta ce, "Abba, cantik, it's so beautiful," tana kuka. Muka tura kekensa gaba, Hajiya ta yaye bargon daga ƙafafunsa ta miƙar da su wajen wutar. Zufa na keto mana, rigata ta manne a baya. Ni dai kunnena na kan bango.

Na farkon ya fashe a sama ta hagu. Tas! Tsaga ta raba shi biyu, tururi ya fito ta ciki siriri. Nan take na kusa da shi ya bi.

Farfesa ya ɗan karkata kai. Ya ce, "Mene ne wannan?"

Hajiya ta ce, "Itace ne, Baban Nana. Ka san mangwaro da tartsatsi."

Ya ce, "Haka ne. Na can ma haka yake yi."

Ruwa na dukan rufi, wuta na ci, tayil na amsawa jefi-jefi. Wani ɓalli ya faɗo kan daɓe ya mirgino har gaban ƙafata, ban ɗauka ba. Na ce a raina, to, aikin ya tafi, amma dai ga shi zaune a gaban wutarsa, ƙafa a miƙe, ba mai cewa ya fita. Na lallashi kaina da wannan.

Can sai ya fito da hannu daga cikin bargo, ya miƙa tafinsa gaba, ya juya bayansa, ya sake juyawa. Zafin da ke wurin ni ban iya tsayawa a cikinsa ba, har gashin hannuna na jin shi. Ya daɗe da hannun a miƙe.

Ya ce, "Habu."

Na ce, "Na'am, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ina ganin haskenta. Amma ta kama sosai kuwa? Ni har yanzu sanyi nake ji."

Hajiya ta juya mana baya, ta kama bakin ƙofa. Nana ta dube ni kamar ni ne likitan. Na duba abin da ya rage na koren, layin ƙasa ne kawai bai tsage ba, shi ne mafi kusa da wutar in ta ƙara ƙarfi.

Ya ce, "Ƙara itace, Habu."

Na tsuguna na ƙara.